Ajin Farko na Italiyanci a Jami'a: Tambayoyin da Ɗalibai Suka Fi Yi Mini

Tun da na dawo daga karatu a Italiya, kusan duk wanda ya ji labarin sai ya tare ni da tambayoyi iri ɗaya. Wani ɗalibi ne da jami'arsa ta ce ya zaɓi harshen waje guda, wata kuma ta samu gurbin karatu a Milan, tana fargabar ranar da za ta sauka ba ta iya ko gaisuwa ba. Shi ya sa na tattara amsoshin a wuri ɗaya. A Peruja na yi nawa ajin farko, a jami'ar da aka kafa don koya wa baƙi harshen, kuma yawancin abin da ke ƙasa daga abin da na gani ne a can da abin da na karanta daga baya.

Ban san ko kalma ɗaya ba. Zan iya shiga ajin?

Don irinka aka buɗe shi. Jami'o'in Turai suna auna iya harshe da matakai shida: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. Ajin farko shi ne A1, kuma ba a tsammanin ka zo da komai sai littafin rubutu da kunnenka. A zangon farko za a koya maka gaisuwa, da gabatar da kai, da ƙirga, da faɗin lokaci, da sayen abu a kanti, da tambayar hanya. Malamai da yawa, musamman a cikin Italiya, tun ranar farko da Italiyanci suke magana, suna haɗawa da nuni da hannu da zane a allo. Makon farko kai yakan ɗauki zafi. Daga na uku za ka ji kunnenka ya fara tsinto kalmomi da kansa.

Yana da wuya ga Bahaushe?

A nan nake so in daɗe, domin abin da ya fi damuna ke nan. Ɗalibanmu suna shiga ajin da tunanin cewa su ne na baya, Bature ɗan Ingila ko Amurka shi ne na gaba. A fagen furuci abin ba haka yake ba. Bahaushe yana zuwa da guzurin da bai san yana da shi ba.

Na farko, shadda. Italiyanci yana bambanta baƙi ɗaya da baƙi biyu, kuma ma'ana tana sauyawa: sete ƙishirwa ce, sette bakwai, pala shebur ce, palla ƙwallo, caro abin ƙauna ko mai tsada, carro amalanke, nono na tara, nonno kaka namiji. Mai jin Turanci kaɗai yakan shafe watanni bai ji bambancin ba, balle ya furta. Mu kuwa da muka tashi muna raba baba da babba, muka kuma zauna gaban allo ana gyara mana shadda da bulala a gefe, wannan abu ne da yake cikin bakinmu tun muna yara. Ka riƙe shi da kyau, domin akwai kalmomin da idan ka saki shaddarsu sai su koma maganar kunya. Kalmar anno, wato shekara, tana cikinsu.

Na biyu, wasula. Harufan wasali biyar ne, a, e, i, o, u, kuma ana furta su a fili kamar yadda muke karanta boko. Kalmomin harshen kusan duka da wasali suke ƙarewa, kamar namu. Harafin r kaɗa shi ake yi da kan harshe, irin na "tara" da "biyar". Harafin c idan e ko i ya biyo shi, sautinsa shi ne na "ci" da "ce" na Hausa daidai; cena, abincin dare, yadda ka gan ta haka za ka karanta ta. Sai dai idan a, o ko u ne ya biyo baya, ya koma k: casa, gida, "kaza" ko "kasa" ake jin ta gwargwadon yankin mai magana.

Na uku, jinsi. Kowane suna a Italiyanci namiji ne ko mace, kuma mafi yawan sunayen mata da a suke ƙarewa. Wannan ai tsarin Hausa ne. Ɗan Ingila sai an zaunar da shi an yi masa bayanin yadda tebur zai zama namiji. Kai ka riga ka san cewa kujera "ce", littafi "ne".

Har a ginin jimla akwai wuraren da Hausa ta fi Turanci kusa. Ɗan Italiya yana cewa ho vent'anni, ma'anarta kalma da kalma "ina da shekara ashirin". Shawarata ita ce ka daina bi ta Turanci kana fassara sau biyu. Ka rubuta ma'anar sabuwar kalma da Hausa a littafinka.

To ina wahalar take?

Wuri uku. Mafi sauƙinsu shi ne p da v, waɗanda babu su a Hausa. Bakinmu yana mayar da p ta zama f, v kuma ta zama b. A Italiyanci pila batir ce, fila layi. Basta "ya isa", pasta taliya, vasta mai faɗi. Ka tsaya gaban madubi: p leɓɓa biyu ne suke haɗuwa su buɗe, f da v kuwa haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa. Minti biyar kullum na wata guda yana gyara wannan. Haka kuma baƙaƙen da ke jere ba wasali tsakaninsu, kamar strada, titi, ko scrivere, rubutawa. Harshenmu yana son ya cusa wasali ya ce "sitirada". Sai ka lura da kanka. Akwai kuma gli, kamar a famiglia, wanda kowa ke fama da shi, ba mu kaɗai ba.

Na biyu, ƙananan kalmomin da ke zuwa gaban suna don nuna sananne ne: il, lo, la, l', i, gli, le. Hausa ɗafa -n ko -r take yi a ƙarshe ta huta, "gidan", "motar". Italiyanci yana da bakwai, kuma suna narkewa da kalmomi irin su di, a, da, in, su, su haifi del, alla, nello, sugli da sauransu. Jinsin ma ba kullum yake dacewa da namu ba. Rana a wurinmu mace ce, wata namiji. A wurinsu il sole namiji ne, la luna mace. Ruwa namiji ne, acqua mace. Sannan ga masu saɓa ƙa'ida: il problema namiji ne duk da a ɗinsa, la mano, hannu, mace ce duk da o ɗinta. Maganin shi ne kada ka taɓa haddace suna shi kaɗai. Ka haddace shi da abin da ke gabansa, la chiave, il pane, kamar kalma ɗaya.

Na uku shi ne babban dutsen, wato aikatau. A Hausa muna cewa na tafi, ka tafi, mun tafi, za su tafi. "Tafi" tana nan zaune, abin da ke gabanta ne ke ɗaukar nauyin mutum da lokaci. Italiyanci ya juya abin. Ƙarshen aikatau ne ke sauyawa: parlo ina magana, parli kana magana, parla yana ko tana magana, parliamo, parlate, parlano. Shi ya sa ma ba sa damuwa da faɗin "ni" ko "kai", ƙarshen kalmar ya riga ya faɗa. Aikatau sun kasu gida uku bisa ƙarshensu, -are, -ere da -ire, kowane da jerinsa, sannan waɗanda aka fi amfani da su kullum, kamar essere (zama), avere (mallaka), andare (tafiya) da fare (yi), ba sa bin ƙa'ida. Babu dabara a nan sai hadda da maimaici. Wanda ya yi tilawa ya san yadda ake yi: da murya, a tsaye, safe da yamma, har baki ya riga tunani. Idan aka zo lokacin da ya shuɗe, za ka tarar wasu aikatau suna tafiya da avere, ho mangiato, na ci, wasu da essere, kuma a nan jinsi ya sake shigowa: namiji ya ce sono andato, mace ta ce sono andata. A wannan gaɓar ce na ga ɗalibai da yawa sun karaya. Wanda ya daure ya wuce ta, sauran hanyar shekarar farko shimfiɗaɗɗiya ce.

Na iya Faransanci. Zai taimake ni?

Ƙwarai. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi suna da babban rabo a nan, domin harsunan biyu duka 'ya'yan Latin ne, wato tsohon harshen Romawa, kalmominsu da nahawunsu sun yi kama sosai. Ɗalibi daga Maraɗi ko Damagaram zai fahimci rubutu tun makonnin farko. Abin da zai kiyaye shi ne furuci: Faransanci yana haɗiye ƙarshen kalma, yana fitar da r daga maƙogwaro, yana shigar da wasali ta hanci. Italiyanci ba ya yin ko ɗaya. Ka karanta da bakin Hausa, ka fahimta da kan Faransanci.

Mai Turanci ma zai gane kalmomi da yawa, amma ya yi hattara da masu kama da juna a fuska kawai. Camera ɗaki ne, ba na'urar hoto ba. Caldo zafi ne. Parenti dangi ne, iyaye kuwa genitori. Libreria kantin sayar da littattafai ne, ɗakin karatu biblioteca.

Me ya sa ake haɗa darasin harshe da na al'ada da tarihi?

Domin harshen da ake koya maka yana da tarihin da idan ba ka sani ba, za ka sauka a ƙasar ka rikice. Abin da muke kira Italiyanci asalinsa karin harshen yankin Toskana ne, musamman na birnin Firenze. Ya samu ɗaukaka ne saboda marubuta uku na ƙarni na 14, Dante Alighieri, wanda ya rayu daga 1265 zuwa 1321, da Petrarca da Boccaccio, waɗanda suka yi rubutu da harshen garinsu a zamanin da Latin ne harshen ilimi. Daga baya aka kafa cibiyar kula da harshe ta Crusca a Firenze, wadda ta fitar da ƙamusunta a 1612. Amma ƙarnuka da yawa harshen ya zauna a littafi ne kawai. Lokacin da aka haɗa ƙasar ta zama ɗaya a 1861, masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa kusan kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai na mutanen ke iya magana da shi. Wasu masana sun kai ƙiyasin kusan kashi 10. Sauran kowa da harshen yankinsa. Makaranta, da aikin soja, da ƙaura daga kudu zuwa masana'antun arewa, su suka yaɗa shi, sannan talabijin, wadda ta fara aiki a 1954, ta ƙarasa aikin. Daga 1960 zuwa 1968 wani malami mai suna Alberto Manzi ya riƙa koyar da manya karatu da rubutu ta gidan talabijin na ƙasa, kamar yaƙi da jahilci a gida.

Amfanin sanin wannan shi ne, ranar da ka shiga kasuwa a Napoli ko Palermo ka ji ba ka gane komai, kada ka ce karatunka ya tashi a banza. Harshen Napoli da na Sisili da na Benis ba gurɓataccen Italiyanci ba ne, kowannensu daga Latin ya tsiro da kansa, kuma ɗan Milan ma ba lallai ya gane su ba. Idan ka yi magana da daidaitaccen harshe, da shi za a amsa maka. Mu da muka san yadda aka ɗauki Kananci aka yi daidaitacciyar Hausa da shi, Basakkwace kuma yana nan da nasa, wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu.

Ciao ce gaisuwarsu, ko ba haka ba?

Ita ce wadda duniya ta sani, amma ba a yi wa kowa ita. Asalinta daga harshen Benis ne, daga kalmar da ke nufin "bawanka ne", yau kuwa ta zama gaisuwar abokai da dangi da yara. Ga malami, ko dattijo, ko ma'aikacin ofis, buongiorno ake cewa da safe da rana, buonasera da yamma, arrivederci wurin rabuwa. Haka "kai" ɗinsu kashi biyu ne: tu ga tsara da na kusa, Lei ga wanda ake girmamawa ko ba a saba da shi ba. Kamar yadda yaro mai tarbiyya yake ce wa babba "kun tashi lafiya?" ne. Bambancin shi ne Lei tana tafiya da aikatau na "shi" ko "ita": come stai ga aboki, come sta ga babba. Ka zauna a kan Lei har sai babban da kansa ya ce ku koma tu.

Suna son laƙabi kamar yadda muke so. Duk wanda ya gama digiri dottore ne ko dottoressa, ko da bai taɓa shiga asibiti ba. Malamin jami'a professore ko professoressa. Shiga ƙaramin kanti ba gaisuwa rashin ladabi ne a wurinsu. Abin da za ka rage kawai shi ne tsawon gaisuwar. Ba a tambayar gajiya da iyali da sanyi a jere, kalma biyu sun wadatar. Abokai sukan gaisa da taɓa kumatu. Idan addininki ko tarbiyyarki ba su yarda da haka ba, ki sa hannu a ƙirji ki yi murmushi tun kafin a matso, yawanci ana ganewa.

Ni Musulmi ne. Akwai abin da ya kamata in sani tun a aji?

Ka ba babin abinci muhimmanci fiye da yadda littafin ya ba shi. Kalmar alade maiale ce, ko suino a jikin kwalin kaya, amma sau da yawa ba za ka ga ɗayansu a takardar abinci ba. Za ka ga prosciutto, pancetta, guanciale, salame, mortadella, speck, salsiccia, kuma kusan duka naman alade ne. Mafi ɓoyuwa shi ne strutto, kitsen alade, wanda ake sakawa a wasu nau'o'in burodi da kayan gashi. Ana kuma dafa wasu abinci da vino, giyar inabi, har da shinkafar da suke kira risotto. Jimloli biyu za ka haddace a makon farko: non mangio maiale, ba na cin alade, da c'è vino dentro?, akwai giya a ciki? A manyan birane akwai mahautan halal, kuma a Rum akwai babban masallaci da aka buɗe a 1995, ɗaya daga cikin mafiya girma a Turai.

Wani abin da ya faranta mini rai a darasin tarihi shi ne jin cewa Musulmi sun mulki tsibirin Sisili, tun shigarsu a 827 har zuwa ƙarshen ƙarni na 11, kuma a fadar Sarki Roger na Biyu a Palermo ne al-Idrisi ya kammala shahararriyar taswirarsa ta duniya a 1154. Wannan cuɗanya, da cinikin Bahar Rum, sun bar kalmomin Larabci a harshen, wasunsu kuma su ne muka ara mu ma ta hanyar Sahara. Zucchero sukari ne. Tazza, kofin shayi, 'yar'uwar tasa ce. Giubba jabba ce. Zero da sifiri tushensu ɗaya, kuma Leonardo Fibonacci na Pisa, wanda ya koyi lissafi a Bijaya ta Aljeriya, shi ya yaɗa alƙaluman Larabawa a Turai da littafinsa na 1202. Ranar da malamarmu ta rubuta tazza a allo ta faɗi asalinta, sai na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a tasha.

Wata nawa zan yi kafin in iya magana?

Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa Italiyanci cikin harsuna mafiya sauƙi ga mai Turanci, tana lissafa awa 600 zuwa 750 na aji kafin a iya aiki da shi. Ka kwatanta da ajin jami'a na awa uku ko huɗu a mako: zango ɗaya bai wuce awa 60 ba. Saboda haka shekara guda ta irin wannan aji za ta kai ka A2 idan ka yi ƙoƙari, wato ka yi ciniki, ka ba da labarin jiya, ka rubuta gajeren saƙo. Wanda ke zaune a ƙasar yana shiga aji kullum zai fi haka sauri nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ce maka wata uku sun isa ka zauna a lacca ka fahimta, bai faɗa maka gaskiya ba.

Wace takardar shaida ake karɓa?

Huɗu ne gwamnatin Italiya ta daɗe da amincewa da su: CILS ta jami'ar baƙi ta Siyena, CELI ta jami'ar baƙi ta Peruja, PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri da aka kafa a 1889, da ta jami'ar Roma Tre. Makin da ka ci a ajin jami'arku ba ya maye gurbinsu. Shiga digirin da ake koyarwa da Italiyanci yawanci B2 ake nema. Izinin zama na dogon lokaci yana bukatar A2, zama ɗan ƙasa kuwa B1 tun ƙarshen 2018.

Digirina da Turanci za a koyar. Me zai sa in wahalar da kaina?

Lacca ce kawai da Turanci. Mai gidan haya, da direban bas, da likita, da ma'aikacin ofishin 'yan sanda da ake kira questura, inda za ka bi takardar izinin zama, da Italiyanci za su yi maka magana. Doka ta ce ka nemi wannan takarda, permesso di soggiorno, cikin kwana takwas na aiki da saukarka. Kafin ka kama haya ko ka buɗe asusun banki sai ka samu lambar haraji, codice fiscale. Na ga ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa sun yi shekara biyu a ƙasar kamar kurame, daga ɗaki sai aji, ba aboki ɗan ƙasa ko ɗaya, ba aikin wucin gadi, kaɗaici yana cin su. Na kuma ga wanda harshensa bai fi na yaro ɗan shekara biyar ba amma yana buɗe baki, cikin wata shida maƙwabta sun san sunansa. 'Yan Italiya suna murna da baƙon da ya gwada harshensu, ko da yana ɓarin nahawu.

Yaya jarrabawa take a can?

Wannan yana ba ɗalibanmu mamaki. A jami'o'in Italiya jarrabawa da yawa ta baka ce: ka zauna gaban malami ya yi maka tambayoyi, wani lokaci sauran ɗalibai suna zaune suna ji. Ana ba da maki bisa 30, 18 ne mafi ƙarancin ci, wanda ya yi fice a ba shi 30 e lode, wato 30 da yabo. Sakamakon digiri gaba ɗaya bisa 110 ake lissafa shi. Tsari ne mai tsohon tarihi, a ƙasar da jami'ar Bolonya take ƙirga shekarunta daga 1088. Saboda haka a ajin harshe kada ka zama ɗalibin da ke cin rubutu yana ɓuya idan an zo magana. Ka ɗaga hannu tun kana A1, lokacin da kowa ke kuskure.

Idan ba zan je Italiya ba, ina amfaninsa a gida?

Masu harshen sun kai miliyan 60 da wani abu, a Italiya da San Marino da Batikan da kudancin Suwizalan. Ba zai yi gogayya da Faransanci ko Larabci ba a yankinmu wajen yawan amfani, kuma ba zan ruɗe ka da cewa aiki yana jiranka ba. Amma alaƙa tana nan, kuma tsohuwa ce. Kamfanonin Italiya ne suka gina madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968, da ta Bakolori a ƙasar Zamfara, da ta Akosombo a Gana. Kamfanin mai na Agip ya shigo Najeriya a 1962. Fatun da ake jemewa a Kano, Italiya tana cikin manyan masu sayensu, domin can ne cibiyar takalma da jakunkuna na alfarma. Matashin da ya san fata, ya kuma iya ciniki da mai saye da harshensa ba tare da tafinta ba, yana da abin da 'yan kaɗan ne ke da shi. Haka mai karatun zanen gine-gine, ko gyaran kayan tarihi, ko ɗinki, ko kiɗa, inda kalmomin fannin da yawa na Italiyanci ne.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: a jami'ar L'Orientale ta Napoli, wadda asalinta ya koma 1732, ana koyar da Hausa, kuma Farfesa Sergio Baldi na can ya shafe shekaru yana nazarin kalmomin Larabci da suka shigo harshenmu. Wato akwai 'yan Italiya da ke zaune suna fama da ɓ da ɗ da ƙ kamar yadda kake fama da p da v. Bahaushen da ya iya Italiyanci yana da wurin zama a irin wannan fage, na fassara da bincike.

Manhajar waya ba ta isa ba?

Tana taimakawa wajen tara kalmomi, amma ba ta jin lokacin da ka saki shadda, ba ta kuma koya maka jure kallon mutum yayin da kake neman kalma. Ka yi amfani da ita a mota ko a layi. Abin da ya fi ta shi ne sauraro: labaran gidan rediyo da talabijin na RAI, shirye-shiryen yara, da sharhin ƙwallo ga mai bin gasar Serie A, domin ka riga ka san abin da ke faruwa a fili, kalmomin ne kawai sababbi. Ka samu abokin aji ɗaya ku yi alkawarin minti goma kullum ba Hausa ba Turanci.

Me zan yi kafin ranar farko?

Ka koyi harufa. 21 ne na asali; j, k, w, x da y a kalmomin aro kawai suke fitowa. Ka san cewa h ba a furta ta, aikinta shi ne ta taurara c da g: chi "ki" ce, ghe kuwa "ge". Ka san sc gaban e ko i "sh" ce, gn kuma kamar "ny". Ka lura da inda murya take nauyi a kalma, yawanci a gaɓa ta biyu daga ƙarshe, idan kuma a ta ƙarshe ne za ka ga alama a kan wasalin, kamar città, birni. Kunnen da ya saba da karin sautin Hausa ba zai sha wahalar jin wannan ba: papà baba ne, papa kuwa Fafaroma. Ka haddace ƙirga daga uno zuwa venti, wato ɗaya zuwa ashirin.

Sannan ka shirya abin da malama za ta fara tambaya, domin zagaye za ta yi ɗaya bayan ɗaya: come ti chiami, di dove sei? Yaya sunanka, daga ina kake? Amsar ba ta wuce layi ɗaya ba. Mi chiamo Amina, sono di Katsina, parlo hausa e inglese. Ki sa sunanki da garinku a ciki, ki faɗa da ƙarfi sau ashirin a daren, kina kula da p ɗin parlo.